Yadda ake tara tsofaffin katunan sigari na Jamus masu hotunan taurarin fim

Daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa farkon Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanonin sigari a Jamus sun riƙa jefa ɗan ƙaramin hoto a cikin kwalin taba, domin mai saye ya yi ta dawowa har ya cike jeri. Akwai na tutoci, na tsuntsaye, na motoci da na 'yan wasa, amma na taurarin fim suna cikin waɗanda suka fi farin jini har yau. Jamusawa na kiransu Zigarettenbilder ko Sammelbilder, littafin da ake jera su a ciki kuma Sammelalbum. An buga su da yawan gaske, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma zai iya shiga harkar. Wahalarta a wuri biyu take: gane abin da ke hannunka, da kare takarda mai shekara casa'in daga lalacewa. Yawancin asarar sabon shiga daga nan take fitowa.

Kayan aiki

- Gilashin ƙara girman abu mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo. Idan babu, kyamarar waya za ta rage zafi in ka matso da ita cikin haske mai kyau, sai dai ba ta kai gilashin ba.
- Rula mai milimita, ta roba wadda ake ganin abu ta cikinta.
- Matsefata mai faffaɗan baki, irin ta masu tara kan sarki. Mai tsini ko mai haƙora tana barin tabo a kati.
- Sabon buroshi mai laushi sosai, wanda bai taɓa shiga fenti ko hoda ba.
- Fensir mai laushi da littafin rubutu. Biro da kofin shayi kada su hau teburin aiki.
- Ƙaramar tocila mai hasken UV, irin wadda ake duba kuɗin jabu da ita.
- Shafukan roba masu aljihu da fayil ɗin da za a jera su.
- Akwati mai murfin da ke rufuwa ruf, ƙullin silika mai tsotse danshi, da ƙaramar na'urar auna danshi.
- Farar takarda mai tsabta da za ka shimfiɗa a tebur.

Safar hannu ta auduga ba ta da amfani a nan: tana kama kusurwar kati, kuma tana hana ka jin abin da ka riƙe. Wanke hannu da sabulu, ka busar da shi sarai, ka riƙa kama kati ta gefensa. Idan ka shafa mai, sake wankewa.

1. Zaɓi jeri ɗaya, ka tsaya a kansa

Wanda ya fara da sayen duk hoton da ya burge shi zai wayi gari da kati ɗari daga jeri talatin, ba wanda zai taɓa cika. Tun farko ka yanke ɗaya daga cikin hanyoyi uku: ko ka cike jeri guda daga lamba 1 zuwa ƙarshe, ko ka bi tauraro ɗaya a duk jerin da ya fito, ko ka tara albam cikakku. Hanya ta farko ta fi koyar da mutum, domin idonka zai saba da takarda ɗaya, girma ɗaya da bugu ɗaya, har ya kai da ganin baƙon abu za ka gane shi.

Ga jerin da ake yawan samu:

Gold-Film-Bilder na Salem, daga Dresden, wajen 1933 zuwa 1934. Hotuna ne masu launi da adon ruwan zinariya. Albam na farko ya ƙunshi lamba 1 zuwa 180, na biyu 181 zuwa 450. Na farkon ya dace da mai farawa, saboda 180 adadi ne da za a iya kaiwa.

Moderne Schönheitsgalerie na Garbaty, daga unguwar Pankow a Berlin, 1934, kati 300. Su ne mafi kyawun bugu a wannan fanni a ganin masu tarawa da yawa: launi mai ƙarfi, da ado a gefe wanda aka danna har ya taso, kana jin tudunsa da yatsa. Masu tarawa a Amurka na nemansu, don haka sun fi sauran tsada. Hotunan mata ne, wasu kuma cikin shigar da ba kowa ne zai so ajiyewa a gidansa ba. Duba jerin gaba ɗaya a intanet kafin ka zuba kuɗi.

Josetti-Filmbilder daga Berlin, Hänsom da Ramses na kamfanin Jasmatzi a Dresden, Mercedes na Batschari a Baden-Baden, da na Orami da Haus Bergmann. Yawancin waɗannan ƙananan hotuna ne marasa launi, masu sheƙi.

Bunte Filmbilder na tsakiyar shekarun 1930, wanda kamfanoni da dama suka raba a lokaci guda.

Vom Werden deutscher Filmkunst na 1935, juzu'i biyu, ɗaya kan fim mara magana, ɗaya kan mai magana, rubutun Oskar Kalbus, bugun Cigaretten-Bilderdienst. Wannan littafin tarihin fim ne da ake manna hotuna a cikinsa. Hotunansa ba a cikin kwali suke zuwa ba: takardar shaida ake samu a kwalin, in ta taru a aika wa kamfani, ya turo hotuna rukuni guda. Shi ya sa suka fi na cikin kwali girma. Ga wanda ya fi son fitowar fim da tarihinsa a kan fuskar jaruma, nan ya kamata ya fara.

Kafin ka sayi ko kati ɗaya, nemi jerin lambobi da sunayen saitin da ka zaɓa. Masu wannan harka a Jamus suna dogara da katalog ɗin Köberich, za ka ga dillalai suna ambaton lambarsa a talla. Idan ba ka same shi ba, hotunan cikakken albam da wani ya saka a kasuwa sun isa: bi shafi-shafi ka kwafe lamba da suna a littafinka.

2. Koyi karanta bayan kati

Fuska ce ke jan ido, amma shaidar kati a bayansa take. Kada ka sayi katin da ba a nuna maka bayansa ba, komai kyawun gabansa.

Abin da za ka nema shi ne sunan jeri, sannan Serie da lambarta, sannan Bild Nr., wato lambar hoto, sannan sunan kamfani ko na tabar, wani lokaci da gari. Sau da yawa akwai ɗan bayani kan inda ake sayen albam da kuɗinsa. Wasu an rubuta su da tsohon salon haruffan Jamus, Fraktur, wanda a cikinsa harafin s mai tsawo yake kama da f. Manhajar fassara ta waya takan rikice a kansa. In ta ba ka shirme, kwafe kalmomin da hannu, ka mai da abin da ya yi kama da f zuwa s, ka sake gwadawa.

A gaba, can ƙasa ko a kusurwa, za ka ga sunan tauraro da na kamfanin fim: Ufa, Terra, Paramount, Fox, Metro-Goldwyn-Mayer. Za ka kuma yawan cin karo da sunan Ross. Wannan Ross-Verlag ne na Berlin, kamfanin Heinrich Ross, wanda ya shahara da buga katunan gidan waya na taurari, kuma shi ya samar wa kamfanonin taba da dama hotunansu. Abin da wannan ke jawowa a aikace shi ne hoto ɗaya, lamba ɗaya, amma baya daban-daban. Gold-Film, alal misali, ana samunsa da sunan Salem, ana samunsa da na Constantin ko Bulgaria. Sai ka yanke tun yanzu: za ka yarda da gauraya, ko baya iri ɗaya kake so? Gauraya ta fi saurin cika. Saiti mai baya iri ɗaya ya fi daraja in an zo sayarwa. Duk wanda ka zaɓa, rubuta shi a littafinka, don kada ka sayi lamba ɗaya sau biyu bisa kuskure.

Yawancin katunan ba su da shekara, sai dai a ciro ta daga alamu. Kalmar Tonfilm, fim mai magana, na nufin daga 1929 zuwa sama. Littafin da aka rubuta masa Altona-Bahrenfeld a matsayin inda aka buga shi ya girmi wanda aka rubuta masa Hamburg-Bahrenfeld, domin garin Altona ya shiga cikin Hamburg ne tsakanin 1937 da 1938. Sunaye ma suna magana. Katin da ya ce Hedy Kiesler ya riga tafiyarta Hollywood, inda ta koma Hedy Lamarr. Zarah Leander ba za ta fito a jerin farkon shekarun 1930 ba, tunda fina-finanta na Ufa sun fara ne a 1937. Elisabeth Bergner, Peter Lorre, Fritz Kortner da Conrad Veidt duk sun bar Jamus a 1933 da 'yan Nazi suka hau mulki, don haka a tsofaffin jeri aka fi samunsu. Wannan tarihin ya shafi masu buga katunan kansu: Heinrich Ross da iyalan Garbaty Yahudawa ne, an raba su da kamfanoninsu a ƙarshen shekarun 1930, na Garbaty a 1938. Mai tara waɗannan hotuna ya kamata ya san hannun da suka fito.

3. Gane irin bugun, ka gane jabu

Ɗora katin a kan farar takarda, ka sa gilashi a kan kumatun mai hoton ko wani wuri mai inuwa-inuwa. Abu uku za ka iya gani.

Idan inuwar ta tafi sumul ba ɗigo ko ɗaya, hoto ne na gaske da aka wanke a takardar hoto. Irin wannan yana da sheƙi, yakan ɗan lanƙwasa, kuma a wuraren da suka fi duhu, musamman gefe-gefe, za ka iya ganin wani ƙyalli mai kama da azurfa in ka karkata shi ga haske. Azurfar cikin hoton ce ta taso saboda shekaru. Alamar tsufa ce, kada ka goge.

Idan ka ga ɗigo-ɗigo a jere bisa tsari, bugun injin ɗab'i ne. Haka katunan masu launi na wancan zamani suke, wannan ba aibi ba ne.

Idan kuwa ɗigon a warwatse suke kamar an fesa, ko launin ya zauna a saman takarda kamar an narka roba, firintar zamani ce. Jabu ke nan, ko sabon bugu, wanda dillali mai gaskiya zai rubuta masa Nachdruck ko Reprint.

Daga nan kashe fitila ka haska tocilar UV a bayan katin. Takardar da aka yi bayan shekarun 1950 yawanci tana ɗauke da sinadarin ƙara fari, sai ta yi walƙiya fari-shuɗi. Tsohuwar takarda dishi-dishi take zama. Amma ka kula: walƙiya a duk faɗin takarda shaida ce mai ƙarfi cewa sabuwa ce, rashin walƙiya kuwa bai tabbatar da tsufa ba, domin akwai sababbin takardu marasa sinadarin. Walƙiya a ɗan wuri ɗaya kuma tana iya zama ragowar gam ne kawai.

A katunan Garbaty shafa gefe da yatsa. In adon a shafe yake ba tudu, kwafi ne. A na Gold-Film karkata katin: zinariyar asali tana ƙyalli kamar ƙarfe, ta firinta kuwa rawaya ce mai duhu kawai.

Sa hannun da kake gani a kan wasu katunan bugawa aka yi tare da hoton. Tauraron bai taɓa katin ba. Wasu masu sayarwa sukan rubuta kalmar Autogramm su ninka kuɗi. Tawadar alƙalami ta gaske tana hawa kan hoton, tana da kauri a wani wuri da siranta a wani, wani lokaci har alƙalamin ya bar kwari a takardar. In ka ga kati biyu masu lamba ɗaya da sa hannu iri ɗaya sak a wuri ɗaya, magana ta ƙare.

Jabu ya fi yawa a inda kuɗi yake: Marlene Dietrich, Greta Garbo, Louise Brooks, Anna May Wong, Josephine Baker, Jean Harlow, Charlie Chaplin. Ba wanda zai ɓata lokacinsa ya ƙirƙiri katin ɗan wasan da aka manta da shi. Don haka ka fara da masu araha na jerinka, su zama ma'auninka, kafin ka tunkari manyan sunaye.

4. Duba lafiyar kati

Bi wannan tsari kowane lokaci: kusurwa huɗu, gefe huɗu, fuska, baya. Karkata katin ga hasken taga, domin karaya da ƙarzuwa ba sa fitowa in ka kalle shi kai tsaye. Sannan auna shi da rula, ka gwada da wani na jerin. Wanda ya gaza 'yan uwansa da milimita ɗaya ko biyu, gefensa kuma ya yi fari tas, an datse shi da almakashi ne don a ɓoye kusurwar da ta ci. Katin da aka datse darajarsa ta faɗi ƙasa da ta mai tsohuwar kusurwa. Sai dai ka sani a wasu jerin akwai ƙanana da manya tun asali, don haka ka gwada da lambobin da ke kusa da shi.

Ɗan laushin kusurwa, ɗan rawaya a baya, da ɗan layi a kusurwa inda aka soke shi a albam, duk ana haƙuri da su. Waɗanda za ka guje wa in ba lambar ta gagara ba su ne karaya da ta ratsa fuska, bayan da ya yage har rubutu ya tafi, tabon salatif, da fumfuna.

5. Saye

Kasuwar tana shafukan intanet na eBay na Jamus, Delcampe, Kleinanzeigen, da shagunan tsofaffin littattafai irin su ZVAB da Booklooker, inda albam suka fi yawa. Wanda ke zaune a Jamus yana da ƙarin hanya, wato Flohmarkt, kasuwar tsofaffin kaya ta ƙarshen mako, inda zai taɓa kaya da hannunsa.

Yi bincike da Jamusanci, ka fi samun kaya kuma ka fi samun sauƙi. Ga kalmomin da za ka riƙa gani a talla: komplett, cikakke, unvollständig, da saura, Konvolut, tari da ake sayarwa a dunƙule, lose, katunan da ba sa cikin albam, eingeklebt, an manna da gam, gesteckt, an soke a tsaga ba gam, Leeralbum, albam wayam, Knick, karaya, Klebereste, ragowar gam, stockfleckig, mai tabon danshi. Tambayoyi biyu sun isa ka tura wa mai kaya: "Bitte ein Foto der Rückseite", wato a turo hoton baya, da "Sind die Bilder eingeklebt oder gesteckt?", wato an manna ne ko an soke.

Kada kuɗin da aka rubuta a talla ya zama ma'auninka. A eBay danna wurin da ke nuna kayan da aka riga aka sayar, Verkaufte Artikel, ka ga abin da mutane suka biya da gaske. A cikin littattafan Cigaretten-Bilderdienst za ka ga rubutu irin "101.–200. Tausend". Yana nufin wannan kwafi na cikin dubu ɗari na biyu da aka buga. Littafin da aka buga haka ba abin da ba a samu ba ne, ko da mai talla ya rubuta selten, wato mai wuyar samu.

Hanya mafi araha ita ce ka fara da Konvolut ko albam da ya kusa cika, sannan ka bi ragowar lambobin ɗaya-ɗaya. Sayen kati 180 kowanne da nasa kuɗin aikawa zai ci ninkin kuɗin katunan. In ka sami dillali mai lambobi da yawa, tara su ka nemi ya haɗa a ambulan ɗaya. Roƙe shi ya sa su a leda, ya danne tsakanin kwali biyu masu tauri, salatif kuma kada ya taɓa kati. Nemi Einschreiben, wato wasiƙar rajista, ko wata hanya mai lambar bin sawu.

Masu sayarwa da yawa a Jamus ba sa aikawa wajen Turai. In kana Najeriya, Nijar ko Gana, abin da ya fi shi ne ka sami ɗan uwa ko aboki a can da za a riƙa kai wa kaya, ya tara, ya ba mai zuwa gida. Wajen biya, kada ka yarda da zaɓin "Freunde und Familie" na PayPal ga wanda ba ka sani ba, domin ba shi da kariyar mai saye. Abu na ƙarshe: cikin tarin albam na wancan zamani akan sami na farfagandar Nazi. Dokar Jamus ta taƙaita yaɗa alamominsu, kasuwannin intanet ma suna da nasu sharuɗɗa. In tarin da za ka saya ya haɗa da su, ce a cire.

Katunan da kamfanoni irin PSA suka tantance suka rufe a roba suna da tsada sosai. Mai farawa ba ya bukatarsu.

6. Idan kaya sun iso

Kada ka haɗa su da na gida nan take. Buɗe ambulan da hannu ta gefen da babu kati, ka shimfiɗa su, ka sansana. Warin tsohuwar takarda daban, warin ruɓa daban. Duba ko akwai farin gari-gari, baƙin ɗigo mai gashi, ko ƙananan ramuka.

Ƙura: buroshi kawai, daga tsakiya zuwa gefe. Ruwa, yawu, sifirit da tsumma duk haramun ne ga fuskar kati. Rubutun fensir a baya zai iya fita da farin magogi mai laushi, a hankali, nesa da rubutun ɗab'i. Na biro ka bar shi yadda yake.

Fumfuna: ware katin, ka bar shi ya bushe a inuwa mai iska kwana biyu ko uku, sannan ka kaɗe shi da wani buroshi daban a waje, da takunkumi a fuskarka. Tabon ba zai fita ba. Kada ka shanya a rana, launi zai koɗe.

Wari: sa katunan a akwati mai murfi tare da buɗaɗɗen kofi na gawayi ko bekin soda, ba tare da sun taɓa juna ba, na mako biyu zuwa uku.

Ƙwari, musamman a albam: sa shi a leda mai zif, ka matse iska, ka ƙara leda ta biyu, ka ajiye a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri na mako guda. Da ka fitar, bar shi a rufe yini da kwana kafin ka buɗe, don raɓa ta taru a bayan leda maimakon kan takarda. Inda wuta ba ta tsayawa, kada ka gwada wannan, domin daskarewa da narkewa a kai a kai sun fi ƙwarin ɓarna. Rufe shi a leda wata guda kana dubawa. Maganin feshi kada ya kusanci takarda.

Lanƙwasa: hoton gaske yakan naɗe ta wajen fuska. In ka tanƙwara shi baya da hannu, fatar hoton za ta tsage, kuma ba ta gyaruwa. Sa shi tsakanin farar takarda biyu, ka ɗora littafi ɗaya, bayan kwana biyu ka ƙara wani, ka bar shi mako biyu. Dutsen guga ba ya cikin wannan aiki.

7. Albam: a cire ko a bari

A nan aka fi yin ɓarna. In katunan soke su aka yi a tsaga, za su fita lafiya: lanƙwasa shafin albam, ba katin ba, har kusurwa ɗaya ta kuɓuta, sannan ta kusa da ita, sai ka zare.

In manna su aka yi, hukuncin shi ne a bar su. Cikakken albam mai tsabta abu ne mai daraja a yadda yake, ga rubutun da ke ƙarƙashin kowane hoto. Da ka ɓamɓare, ka rasa albam, ka kuma sami tarin katuna masu yagaggen baya. Littattafan Kalbus musamman, don mannawa aka yi su. Yawanci ta gefen sama kawai ake manna hoto, don haka kana iya ɗaga ƙasansa kaɗan da matsefata ka leƙa lambar baya.

Idan albam ya riga ya mutu, bango ya tafi, ruwa ya ci rabi, sai ka yanka shafin kewaye da kowane kati, ka bar takardar a manne a bayansa. Jiƙawa a ruwa yana narkar da fatar hoton gaske, yana kuma kwantar da tudun adon Garbaty, tururi ma haka. Wasu kan sa ɗan danshi ta baya a katunan ɗab'i don tsohon gam ya saki, amma gam iri-iri ne, ba kowanne ke jin ruwa ba. In har za ka gwada, to a kan maimai mara daraja, wato katin da kake da irinsa biyu. Idan ka sayi Leeralbum don ka cike da kanka, yi amfani da kusurwoyin manna hoto, kada ka sa gam.

8. Ajiya

Robar aljihun ita ce abin lura. Nemi polypropylene ko polyester. In akwai alamar kusurwa uku, lamba 5 ko PP ta yi, lamba 3 kuwa PVC ce, ka guje ta. PVC tana da wari mai ƙarfi da ɗan maiƙo, kuma cikin zafi tana fitar da sinadarin da ke manne wa hoto ya ɗauke launinsa. Shafukan katunan ƙwallo na zamani masu aljihu 9 sun yi wa yawancin katunan Jamus girma, sai su riƙa zamewa suna cin kusurwa. Auna katinka, ka nemi aljihun da ya fi shi da milimita 3 zuwa 5. Kati ɗaya a aljihu ɗaya, don baya ya riƙa ganuwa. In ba ka sami shafukan ba, naɗe wa kowane kati 'yar farar takarda, ka rubuta lambar da fensir a kan takardar, ka jera su a tsaye cikin ƙaramin kwali. Jarida, ambulan mai ruwan ƙasa, kyauron roba da kilif duk suna barin tabo. Laminatin kuwa kashe kati ne gaba ɗaya.

Danshin da ake so tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari ne. In ya haura 65 ya daɗe, fumfuna za ta tashi. A ƙasarmu matsalar biyu ce: laimar damina, da bushewar hunturu wadda ke naɗe hotuna. Akwati mai rufuwa ruf yana rage kaifin duka biyun. Sa silika da na'urar aunawa a ciki da damina, ka duba kowane mako biyu. In allura ta hau, busar da silikar ko ka canza. Da hunturu cire ta. Ajiye akwatin a ɗaki mafi sanyi, a kan kanta, nesa da ƙasa da bango saboda gara da kyankyaso, kuma ba a saman kabad kusa da rufin kwano ba. In kana son rataye hoto a bango, yi sikanin ɗinsa ka buga kwafi, asalin ya zauna a duhu.

9. Rajista da cike gurbi

Ja layuka a littafinka: lamba, suna, kamfanin da ke baya, lafiyar kati, inda ka saya, kuɗi. Ɗauki hoton gaba da baya na kowanne. A shafi na daban rubuta lambobin da suka rage kawai, ka ajiye kwafinsa a waya. Jamusawa na kiran wannan Fehlliste, kuma dillalai da yawa suna karɓa: ka tura musu sunan jeri da lambobin, su duba ajiyarsu su faɗa maka abin da suke da shi. A shafukan aljihu bar gurbin lambar da babu a buɗe, don kada ka riƙa matsar da saiti duka duk lokacin da sabo ya zo.

Maimai kada ka zubar. Riƙe mafi kyau a saiti, sauran ka ware su da kalmar doppelt a jikin ambulan, don musaya ko gwaji. In lamba ta gagara, karɓi mai rauni ya riƙe gurbi, ka sa masa alama a littafi, ka canza shi in mai kyau ya fito. Lambobin ƙarshe da sukan rage yawanci na manyan taurari ne, saboda masu bin tauraro ɗaya suna tsince su daga cikin tari. Don haka in za ka sayi Konvolut ko albam da ya kusa cika, tambayi lambobin da babu tun kafin ciniki, ka duba su a jerin sunayenka. In Dietrich da Garbo na cikin waɗanda aka zare, sai ka rage tayinka daidai da abin da za ka kashe wajen nemo su.